Magani ya tsayar da farfaɗiyar tsohon karena, amma ya kwantar da shi: in rage ko in daina?

Tambaya: Likita, ina da kare jinsin Alseshan, shekararsa 11, nauyinsa kusan kilo 30. Shekara biyu da suka wuce ya fara farfaɗiya, aka ɗora shi a kan fenobabiton safe da yamma. Wata uku da suka wuce faɗuwar ta yawaita, likitansa ya ƙara masa ƙwayar, ya kuma haɗa masa da ruwan potasiyam buromaid. Tun daga nan bai sake faɗuwa ba, amma ya zama wani kare daban. Yini yake yana barci, ƙafafunsa na baya suna zamewa idan zai tashi, shan ruwa ba ƙaƙƙautawa, fitsari a makwancinsa, ci kuwa kamar ba ya ƙoshi. Ko ƙofa aka buga ba ya ɗaga kai. In rage maganin ne ko in daina? Ko dai azabtar da shi nake yi?

Amsa: Malam, sannu da ƙoƙari. Kada ka daina maganin nan da kanka, kada kuma ka rage shi kafin ka ga likitansa. Jikin karen da ya shekara biyu yana shan fenobabiton ya riga ya saba da shi, idan aka yanke masa farat ɗaya farfaɗiyar da za ta biyo baya takan fi ta farko muni, wani lokaci ta zo a jere ba hutu har ta yi ajalinsa. Sai dai halin da ka bayyana ma ba hali ne da za a bar kare a cikinsa a ce ai tsufa ne ba. Karen da ba ya faɗuwa amma ba ya iya tashi, ba ya gane an shigo gida, maganinsa bai zauna daidai ba tukuna, kuma galibi ana iya gyarawa.

Abin da ya fi jan hankalina a bayaninka shi ne wata ukun nan. Idan aka ƙara wa kare fenobabiton, barci da tangaɗi sukan yi masa yawa na mako ɗaya zuwa biyu, daga nan jiki ya saba su ragu. Buromaid kuwa halinsa dabam ne. Yana daɗewa a jini ƙwarai, sai an yi sama da mako uku kafin rabin abin da ke jikin kare ya fita, don haka sai an yi wata biyu da rabi zuwa uku ana ba da shi kullum kafin ya kai iyakar taruwarsa. Kamar randa ce da ake ɗiga wa ruwa kullum tana kuma yoyo ta wata 'yar huda a ƙasa: ruwan zai yi ta hawa a hankali har abin da ke shiga da abin da ke fita su zo ɗaya. Hudar nan ita ce ƙoda, domin ta fitsari buromaid yake fita, hanta ba ruwanta da shi. Kai kana ba da awo ɗaya kullum, amma abin da ke cikin jinin karen yau ya ninka na makon farko. A tsohon kare kuma ƙoda ta rage ƙarfi, sai maganin ya taru fiye da yadda aka yi lissafi. Raunin ƙafafun baya da layi da yawan barci su ne alamun da aka fi sanin buromaid da su idan ya yi yawa, balle an haɗa shi da fenobabiton, wanda shi ma yake jawo irinsu.

Wannan ne zargina na farko, amma ba shi kaɗai ba ne, kuma ba zan so likitanka ya tsaya a kansa ba.

Na biyu hanta ce. Ita ke sarrafa fenobabiton ta fitar da shi. A wasu karnuka, musamman waɗanda maganin ya daɗe da yawa a jininsu, hanta takan lalace a hankali, idan ta lalace kuma sai ta kasa fitar da maganin, ya ƙara taruwa, barcin ya ƙaru duk da ba a ƙara ƙwaya ba. Ka ɗaga leɓensa ka duba dasashinsa da farin idonsa da rana. Idan ka ga sun yi ruwan ɗorawa irin na shawara, ko cikinsa ya kumbura, ko ya fara amai, ko karen da ke ci kamar hauka ya juya wa abinci baya, wannan ba abin jiran sati ba ne, a kai shi asibiti a ranar. Haka ma idan dasashin ya yi fari fat ko zazzaɓi ya kama shi, domin jefi-jefi fenobabiton yakan taɓa ɓargo ya rage ƙwayoyin jini.

Na uku shi ne abin da ya haddasa farfaɗiyar tun farko. Farfaɗiyar da ake kira ta gado, wadda ba a samun wani ciwo a bayanta, takan fara ne tsakanin wata 6 da shekara 6. Naka ya fara yana da shekara 9. A wannan shekarun dole a yi tunanin wani abu ne ke tayar da ita: ƙari a ƙwaƙwalwa, ko toshewar jijiyar jini, ko faɗuwar sukarin jini, ko ciwon hanta ko na ƙoda. Faɗuwar sukari tana da sauƙin ganowa, kuma ana yawan mantawa da ita. Akwai wani ƙari da kan fito wa manyan tsofaffin karnuka yana sa jiki ya riƙa fitar da insulin, sinadarin da ke saukar da sukarin jini, fiye da kima, sai ka ga kare yana faɗuwa da asuba kafin ya ci abinci ko bayan ya yi gudu. Ɗigon jini ɗaya kafin karin safe zai iya nuna hanya. Ƙarin ƙwaƙwalwa kuwa yakan zo da wasu alamu tsakanin faɗuwa da faɗuwa: kewaya wuri ɗaya ta ɓangare guda, jingina goshi da bango, karo da abubuwa ta gefe ɗaya, sauya hali. Abin da ya ɗan kwantar mini da hankali a kan naka shi ne ya shekara biyu da ciwon. Ƙari mai saurin girma ba kasafai yake ba da wannan tazarar ba, kuma akwai tsofaffin karnukan da ake bincikawa tsaf ba a ga komai ba.

Na huɗu ƙafafun ne da kansu. Alseshan sananne ne da ciwon ƙugu da amosanin gaɓoɓi, da kuma wata cutar laka da ke raunana ƙafafun baya sannu a hankali idan ya tsufa. Ka duba faratan ƙafafunsa na baya. Idan saman faratan tsakiya ya goge, yana jan ƙafa ne a ƙasa idan yana tafiya. Sau da yawa abin da ke faruwa shi ne kare yana da ɗan rauninsa da yake iya ɓoyewa, sai magani ya zo ya fito da shi fili. Rage maganin zai taimaka, amma ba zai mayar masa da ƙugun ɗan shekara uku ba.

To me za a auna? Da farko yawan magungunan biyu a jini. Ƙungiyar ƙwararrun likitocin dabbobi ta duniya kan farfaɗiya, a matsayar da ta fitar a 2015, ta sanya ma'aunin fenobabiton tsakanin miligiram 15 zuwa 40 a kowace lita, amma daga 35 zuwa sama haɗarin hanta yana ƙaruwa, shi ya sa ake son a tsaya wajen 25 zuwa 30. Buromaid idan an haɗa shi da fenobabiton ana neman miligiram 1,000 zuwa 2,000 a lita. Waɗannan alƙaluma jagora ne kawai. Akwai tsohon karen da zai yi tangaɗi alhali takarda ta ce yana tsakiyar ma'auni, kuma a irin wannan karen ake bi, ba takarda ba. Idan asibitin da kuke zuwa ba ya yin gwajin, a tambayi asibitocin koyarwa na likitancin dabbobi, irin na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, ko na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, ko na Jami'ar Maiduguri, su nuna inda za a kai jinin. Ɗakin gwajin mutane da ke auna fenobabiton ma zai iya auna na kare, sinadarin ɗaya ne.

Sai gwajin hanta da ƙoda, ƙidayar ƙwayoyin jini, sukari, da fitsari. Akwai tarko uku a takardar sakamakon da ya kamata ka sani don kada hankalinka ya tashi a banza. Sinadarin hanta da ake rubutawa ALP yakan hau a kusan duk karen da ke shan fenobabiton, hawansa kaɗai ba ya nufin hanta ta lalace. Abin da ke nuna ainihin aikin hanta shi ne albumin, wani furotin da hanta ke yi, idan ya faɗi, da gwajin sinadarin matsarmama a jini, wanda ake ɗiba kafin cin abinci da kuma awa biyu bayansa. Na biyu, buromaid yana ruɗa na'urar gwaji ta nuna sinadarin kuloraid, wanda ke cikin gishiri, ya yi sama, alhali ba haka ba ne. Na uku, fenobabiton yana saukar da sinadarin tayirod, wata 'yar gaɓa da ke wuya, a gwaji, sai a ga kare mai ƙiba mai barci a ce ciwon tayirod gare shi a ƙara masa wani maganin da ba ya buƙata. Duk karen da ke kan fenobabiton ya kamata a riƙa maimaita masa gwajin jini kowane wata shida, tsoho kuwa na fi son a matso da shi kusa.

Idan sakamako ya fito, gyaran yakan bi ɗaya daga hanyoyi uku. Idan buromaid ne ya yi yawa ko ƙoda ta yi rauni, shi ake ragewa, galibi da kashi 10 zuwa 25 cikin ɗari. Idan ya kai karen ba ya iya tsayuwa sam, akan dakatar da shi na ɗan lokaci a asibiti a yi ƙarin ruwa mai gishiri ta jijiya, wanda ke tura shi waje da sauri, amma wannan aikin likita ne domin saurin fitarsa na iya dawo da faɗuwa. Idan fenobabiton ne ya yi yawa kuma hanta lafiya lau, ana sauke shi kaɗan-kaɗan, ba a wuce kashi 20 cikin ɗari a wata. Idan kuwa hanta ta taɓu, dole a raba shi da fenobabiton cikin hanzari, a asibiti, a maye gurbinsa da wani.

Wanda na fi karkata gare shi a tsofaffin karnuka shi ne lebetirasitam, wanda aka fi sani da sunan Keppra. Ba ya wahalar da hanta, barcin da yake sawa kaɗan ne, kuma yana fara aiki da wuri. Yana da nasa nauyin: ana ba da shi sau uku a rana, kowace awa takwas, a kan miligiram 20 ga kowane kilo, kare mai kilo 30 kuwa ƙwayoyi ne masu yawa a wata, ga tsada. Ta ƙoda yake fita, don haka idan ta yi rauni sai an rage awo. A wasu karnukan kuma ƙarfinsa yakan ragu bayan 'yan watanni. Akwai imefitoyin, mai sunan kasuwa Pexion, wanda aka amince da shi a Turai a 2013, yana da sauƙi a jiki, amma ba a dogara da shi ga karen da faɗuwarsa ke zuwa a jere. Fenobabiton da buromaid tsofaffin magunguna ne, buromaid tun 1857 aka fara ba masu farfaɗiya shi a Landan, fenobabiton kuma tun 1912 a Jamus. Daɗewarsu ta sa an san halinsu ciki da waje, kuma har yau su ne ginshiƙi. Ba gudunsu nake cewa a yi ba, awon da ya dace da ɗan shekara 11 nake cewa a nema.

A nan ne zan faɗa maka ra'ayina ƙarara. Idan aka rage magani, akwai yiwuwar ya sake faɗuwa, kuma ya kamata ka shirya wa hakan tun yanzu. A ɗan ƙaramin kare muna matsawa mu ga an kawar da faɗuwa gaba ɗaya in zai yiwu, domin yana da shekaru a gaba. A tsoho irin naka, faɗuwa ɗaya ta minti ɗaya ko biyu cikin wata biyu ko uku, wadda zai farfaɗo daga gare ta cikin awa guda, ta fi masa sauƙi a kan ya wuni kullum a buge. Lokacin da yake shure-shuren ba ya cikin hayyacinsa, ba ya jin abin da kai kake gani, kai ne abin yake wa ciwo a ido. Zamewar ƙafa da kwana cikin fitsari kuwa yana jin su kowace rana. Wannan magana tana da iyaka: idan karenka irin wanda faɗuwarsa ke zuwa biyu-uku a yini ne, ko ta taɓa wuce minti biyar, to lissafin ya sauya, domin irin wannan tana kisa, sai a yarda da ɗan barci don a tsare ransa. Ka gaya wa likitan yadda faɗuwar wata ukun baya ta kasance dalla-dalla, a kanta zai gina yawan abin da zai iya ragewa.

Kafin gyaran ya kankama akwai abubuwan da ke hannunka a gida, kuma mafi muhimmanci shi ne gishiri. Ƙoda tana ɗaukar buromaid da gishiri kamar abu ɗaya. Idan gishiri ya yawaita a abinci buromaid yana zubewa da sauri, kare ya koma faɗuwa. Idan gishiri ya ragu, buromaid ya taru, kare ya yi tangaɗi. Karen da yau aka zuba wa ragowar miya mai magi, gobe tuwo gaya da madara, jibi romon kai, ba yadda za a yi maganinsa ya zauna. Ka tuna ko kun sauya masa abinci cikin watannin nan, musamman idan an ce a rage masa gishiri saboda tsufa, domin wannan kaɗai na iya jawo abin da kake gani. Ba cewa nake a ƙara gishiri ko a rage ba. A tsayar da abinci iri ɗaya, awo ɗaya, kowa a gidan ya sani, har yara masu jefa masa guntun tsire. Idan ana ba shi maganin fitsari irin su Lasix saboda zuciya, likita ya sani, shi ma yana fitar da buromaid. A riƙa ba da buromaid ɗin tare da abinci, domin a kan cikin da ba komai yana sa amai.

Yunwar da yake ji ta gaske ce, maganin ne ke sa ta, amma idan ka biye mata ƙiba za ta ƙarasa abin da ya rage na ƙafafunsa. Ka raba abincinsa na yini kashi uku ko huɗu ba tare da ƙari ba, ka cika kwanon da dafaffiyar kabewa ko karas ko kabeji ba gishiri. Ban da albasa da tafarnuwa, suna fasa wa kare jini. Ka yi hattara da maiƙo ƙwarai. Karnukan da ke shan magungunan nan biyu sun fi saurin kamuwa da kumburin fankiriyas, wata gaɓa da ke kusa da tumbi mai taimakon narkar da abinci, kuma kitse ne ke tayar da shi. Lokacin babbar salla, da ake tara wa kare kitse da ragowar suya, shi ne lokacin da za a fi sa ido. Amai a jere, ƙin abinci, da takure ciki alamunsa ne. A ɗora shi a sikeli sau ɗaya a wata a rubuta.

Ruwa kuma kada a hana shi, ko da kuwa don a tsare makwanci ne. Tsohon kare mai raunin ƙoda idan aka hana shi ruwa, musamman a zafin Maris zuwa Mayu, cikin kwana ɗaya zai iya shiga haɗari. Abin da za ka yi shi ne ka auna: ka cika robar lita ɗaya da rabi ka riƙa zubawa daga ciki, ka ga nawa yake sha a yini. Kare mai kilo 30 yakan sha lita ɗaya da rabi zuwa biyu. Idan ya haura lita uku a kullum, abin ya fita daga ƙa'ida, kuma ba lallai maganin kaɗai ba ne, ciwon sukari da na ƙoda ma haka suke farawa. A fitar da shi fitsari daf da kwanciya da kuma da asuba, a shimfiɗa leda a ƙarƙashin tsohon bargo, a wanke masa cinyoyi da ruwan ɗumi a shanya idan ya jiƙe, don fitsari yana cin fata. Kada a yi masa tsawa, ba da gangan yake yi ba. A kai fitsarin gwaji, domin ciwon mafitsara yakan ɓuya a bayan irin wannan, kuma yana jin magani.

Tayil da siminti mai santsi abokan gaba ne ga karen da ƙafafunsa ba su da ƙarfi. Tsohon kafet ko buhunan algarara da aka shimfiɗa daga makwancinsa zuwa wurin ruwa da ƙofa sukan sauya abubuwa cikin yini ɗaya. A yanke masa farata. Idan zai tashi, a zura tawul ko tsohon zane ta ƙarƙashin cikinsa a riƙe bakin biyu a ɗaga shi a hankali, ya taka da kansa. A riƙa ɗan zagayawa da shi minti goma da sanyin safiya da na yamma, domin naman cinyar da ba ya aiki yana zubewa da sauri a tsoho. A cire masa sarƙa, karen da farfaɗiya ta kama a ɗaure yana iya shaƙe kansa. A nisanta shi daga bakin rijiya da matakala. Idan akwai wasu karnuka a gidan a raba musu wurin kwana, domin sukan far wa wanda ya faɗi. Gadi kuwa ya yi nasa, a sallame shi.

Akwai magungunan da ba za su shiga bakinsa ba sai da sanin likita. Taramol yana sauƙaƙa wa farfaɗiya hanyar tashi. Ibufurofen da dikulofenak na mutane suna fasa wa kare ciki su lalata ƙoda, farasitamol kuma nauyi ne a kan hantar da ta riga ta gaji. Idan ciwon gaɓoɓi ne akwai magungunan da aka yi don karnuka, ana ba da su bayan an duba hanta da ƙoda, kuma rage masa ciwo yakan dawo da rabin kuzarin da ake zaton magani ne ya cinye. Kulorafenikol na kashe ƙwayoyin cuta, simetidin na gyambon ciki da ketokonazol na cututtukan fata irin su makero suna hana hanta fitar da fenobabiton, sai ya taru. Sai batun kaska. Ƙwayoyin kaska na zamani irin su Bravecto, NexGard da Simparica suna aiki sosai, amma a 2018 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗin cewa rukuninsu na iya tayar da farfaɗiya a wasu karnuka, don haka mai irin ciwon naka a nema masa wata hanya tare da likita. Barin kaskar ma ba mafita ba ne, tana ɗauke da cututtukan jini. Fiya-fiya da sauran magungunan feshin gona kuwa kada a kuskura a wanke kare da su ko a fesa a ɗakinsa, guba ce mai sa lafiyayyen kare ma ya faɗi yana kumfa.

Ƙwayar fenobabiton a riƙa ba da ita kowace awa goma sha biyu, lokaci ɗaya kullum, mutum ɗaya ne kuma zai ɗauki nauyinta don kada a ba shi sau biyu ko a manta. Idan an manta aka tuna bayan 'yan awanni a ba shi, amma kada a haɗa biyu lokaci guda. A ajiye na mako guda a gefe saboda ranar da za a nema a rasa, a saya a kantin magani mai rajista da takardar likita, a kuma ɓoye shi daga yara.

Tunda za a taɓa awon magani, ka tanadi shirin ko-ta-kwana. Idan ya faɗi ka duba agogo, ka janye abin da zai buge shi, ka rage haske da hayaniya, wani ya ɗauki bidiyo da waya. Bidiyon yana da amfani domin tsohon kare mai ciwon zuciya yakan suma, mai ciwon cikin kunne kuma yakan yi jiri ya karkata kai ya faɗi, duka ana ɗaukarsu farfaɗiya alhali maganinsu dabam. Kada a sa masa hannu ko cokali a baki, ba ya haɗiye harshensa. Kada a ɗura masa manja ko madara, huhu za su tafi. Idan ta kai minti biyar ba ta tsaya ba, ko ta zo sau biyu cikin awa 24, asibiti kai tsaye, a hanya a riƙa jiƙa masa tafin ƙafa da ciki da ruwa domin jikinsa yana zafi. Ka roƙi likitan ya ba ka maganin gaggawa na gida, dayazifam da ake zurawa ta dubura ko midazolam da ake ɗigawa a hanci, ya auna maka shi daidai da nauyin karen ya kuma nuna maka yadda ake yi. Bayan faɗuwa yakan ruɗe, wani lokaci ya makance na ɗan lokaci, yana iya cizon wanda ya sani, a janye yara. Allurar rigakafin haukan kare kada ta wuce lokacinta, maganin farfaɗiya ba ya hana yin ta.

Tambayarka ta ƙarshe, ko azabtar da shi kake yi, ba yau za a amsa ta ba, domin karen da ke gabanka yanzu wataƙila magani ne ya lulluɓe shi. Ka sami kalanda ka riƙa yin alama kowane dare: rana mai kyau ko marar kyau, da 'yar magana, ya ci, ya tashi da kansa, ya kaɗa jela da ka dawo, ya faɗi ko bai faɗi ba. Wata likitar dabbobi a Amurka, Alice Villalobos, ta tsara ma'auni mai abubuwa bakwai da ake ba kowanne maki har 10: ciwo, ci, sha, tsafta, walwala, motsi, da ko ranaku masu kyau sun fi marasa kyau yawa. Jimillar da ta haura 35 tana nuna rayuwar tana da sauran daɗi. Amfaninsa shi ne yana hana mutum yanke hukunci a daren da ya fi kowane muni, yana kuma hana shi rufe ido idan abu ya daɗe yana lalacewa.

Idan bincike ya nuna ƙari ne a ƙwaƙwalwa, ana iya rage kumburin da firednisolon ya sami sauƙi, ko da yake shi ma yana ƙara ƙishirwa da yunwa, kuma abin da ake samu galibi watanni ne, ba shekaru ba. Idan ya kai faɗuwa tana zuwa a jere duk da magani, ko ya daina ci, ko ba ya iya tashi ko da an tallafe shi, ko ya daina gane mutanen gidan, to lokaci ya yi da za ku zauna da likita a yi maganar allurar da ke kawo ƙarshen wahalarsa ba tare da ciwo ba. Shawara ce mai nauyi, kuma taka ce da iyalinka.

Daga abin da ka rubuta ban ga kun kai nan ba. Karen da ke cin abinci da marmari, ya kuma yi wata uku bai faɗi ba, yana da sararin da za a rage masa magani. Ka kai shi cikin makon nan, da kwalaben magungunan duka, da bayanin abin da yake ci da yawan ruwan da yake sha. Idan aka rage buromaid kada ka sa ran ganin sauyi cikin kwana uku. Yakan ɗauki makonni kafin ƙafafun su fara ƙarfi, sai kuma an yi wata biyu zuwa uku a kan sabon awon kafin a sake auna jinin a san inda ya tsaya.